Tambaya: Wane lokaci ya fi dacewa a hau Chappal Waddi idan hangen ƙasa daga ƙololuwa ake nema?

Malamin Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamin makaranta ne a Kano, shekaruna 46, kuma kusan shekara uku ke nan da na mayar da hawan dutse al'adata ta ƙarshen mako. Da Dala na fara, bayan likita ya shawarce ni da in riƙa motsa jiki, daga baya na haɗa da Goron Dutse. Bara da na je Zariya na hau Kufena, sannan Allah ya ba ni dama na je duwatsun Shere da ke bayan Jos tare da wasu abokan aiki. Abin da ya kama zuciyata a wannan harka shi ne ɗan lokacin nan da mutum yake isa sama, numfashinsa ya daidaita, ya juyo ya ga ƙasar da ya baro tana shimfiɗe a ƙarƙashinsa, gonaki da rafuka da ƙauyuka duk sun ƙanƙance, har ya rasa abin faɗa sai tasbihi.

Yanzu burina shi ne in hau Chappal Waddi, wanda yake cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru. Na karanta cewa tsayinsa mita 2,419 ne daga saman teku, kuma babu wurin da ya fi shi tudu a duk faɗin Nijeriya. Na daɗe ina tara kuɗin tafiyar kaɗan-kaɗan, kuma ba na jin zan iya maimaita ta nan kusa, shi ya sa nake son in yi ta a lokacin da ya dace.

Matsalata ita ce aikin koyarwa bai bar mini zaɓi mai yawa ba. Hutun da nake samu uku ne: na ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, da na wajen Afrilu, da kuma dogon hutu na Agusta. Kusan duk wanda na tambaya sai ya ce in je da rani, tsakanin Disamba da Maris, domin a lokacin ne hanyoyi suke biyuwa. Amma ni na san abin da hazo yake yi mana a Kano a Janairu, inda wata rana daga kan Dala ba ka ko ganin Goron Dutse sosai, ga shi kuwa kusa suke. Idan haka abin yake a can, ina tsoron in sha wahalar kwanaki in isa ƙololuwa in tarar da farin bango kawai a gabana.

Don haka ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa, ko 'yan yankin, su taimaka mini da haske. Wane lokaci ne ake samun sarari a ga nesa? Mutum irina, wanda iyakar hawansa bai wuce na yini ɗaya ba, zai iya? Kuma ta ina ake farawa, wajen wa ake neman izini? Allah ya saka da alheri.

Mai Sandar Gora ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Tsoron da kake ji yana kan hanya, domin abin da kake gudu shi ne ya same ni. A tsakiyar Janairu na hau, mu huɗu, tare da jami'an gandun daji biyu da 'yan dako uku, kuma zan ba ka labarin yadda ta kasance ka auna da kanka.

Daga Gombe muka tashi, muka bi ta Numan muka kwana Jalingo. Washegari muka kama hanyar Bali zuwa Serti, inda babban ofishin gandun dajin yake. A nan aka rubuta sunayenmu, muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da jami'an da za su raka mu. Serti a kwari take, ana zafi, babu abin da zai nuna maka cewa kwana biyu gaba za ka riƙa karkarwa cikin bargo. Daga Serti muka wuce Mayo Selbe, inda mota take fara hawan tsaunin Mambila, hanya tana lanƙwasa tana sake lanƙwasa har kunnuwa su toshe, sai ga ka a Mai Samari iska ta canza gaba ɗaya. A Nguroje muka bar mota muka hau babura zuwa Njawai, kuma in gaya maka gaskiya, wannan tafiyar babur ɗin ta gajiyar da ni kusan kamar hawan kansa, saboda sau da yawa sai ka sauka ka taka a ƙafa ɗan acaɓa ya tura babur ya haye gangare. Daga can ne ƙafa ta karɓi aiki.

Hawan ba irin na Kufena ba ne, inda kake dafa dutse da hannu. Yawancinsa tudun ciyawa ne, ka hau wannan ka gangara ka ƙetare ƙorama ka sake hawa wancan, a tsakiya kuma akwai kurmi a cikin kwazazzabai inda bishiyoyi suka haɗe har rana ba ta taɓa ƙasa. Abin da yake karya gwiwa shi ne kana ganin tudu a gabanka ka ɗauka shi ne ƙarshe, kana isa kansa sai wani ya bayyana a bayansa. A lokacin da muka je an riga an ƙone ciyawa a wurare da yawa, don haka toka muke takawa, wanduna da safa duk suka yi baƙi ƙirin har gwiwa, ga kututturen ciyawar da wuta ta bari yana soke ƙafa ta gefen takalmi. Daren da muka kwana a ƙasan ƙololuwa ban yi barcin kirki ba. Rigar sanyi biyu na saka da bargo, amma iska tana shigowa ta ƙasan tanti, da asuba kuwa da na zuba ruwa zan yi alwala sai da yatsuna suka ƙage, ɗaya daga cikin 'yan dakon ya ɗora mini ruwan a wuta tukuna.

Mun isa sama wajen ƙarfe tara na safe. Sararin da ke bisa kanmu shuɗi ne tas, irin wanda ban taɓa gani a Gombe a watan Janairu ba, amma duk abin da ke ƙasa da mu hazo ya shanye shi. Jami'in da ke gaba ya ɗaga sandarsa ya nuna gabas ya ce can ne Kamaru, ya juya ya nuna inda ya ce kurmin Gashaka yake, ni kuwa babu abin da nake gani sai fari-fari mai ruwan ƙasa, da kawunan tuddai uku ko huɗu da suka leƙo daga cikinsa kamar tsibirai a tsakiyar tafki. Ba zan ce babu kyau ba, domin har yau wannan hoton yana idona. Amma na zauna a kan wani dutse raina ya sosu ƙwarai, saboda na san akwai ƙasa mai faɗi a gabana wadda na yi kwanaki ina tafiya domin in gan ta, kuma an rufe mini ita. Jami'in ya ce da mun zo makonni shida kafin nan, da mun ga abin da ba za mu manta ba.

Shawarata ita ce, idan hangen nesa ne ya kai ka, ka cire Janairu da Fabrairu daga lissafinka. Game da ƙarfin jiki kuwa, wanda ya saba da Dala da Shere zai iya, in dai ya yarda ya tafi a hankali. Saukowa ce ta fi ba ni wuya, domin kwana biyu bayan mun dawo Nguroje da ƙyar nake durƙusawa in yi sujada.

Malama Mai Taswira ta rubuta:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya cika maka buri. Ni ma koyarwa nake yi, darasin labarin ƙasa, kuma ina so in ɗan yi bayanin dalilin abin da ɗan'uwanmu na Gombe ya gani, domin idan ka fahimci dalilin za ka iya zaɓar lokacinka da kanka.

Ƙurar hunturu da ke rufe mu ba daga gonakinmu take tashi ba. Mafi yawanta daga wani kwari take fitowa a arewacin Chadi, wanda ake kira Bodele, tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas ita ke kwaso ta ta baza ta a kan Afirka ta Yamma, daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, kuma tsananinta yakan faɗo a Janairu da Fabrairu. A wannan lokaci ƙurar tana yawan kwanciya a sashen iska na ƙasa-ƙasa, shi ya sa wanda yake kan tsauni mai tsayi zai iya ganin shuɗin sama a kansa alhali kwari ya cika da hazo. Ka ƙara da hayaƙin ƙunar daji, wanda shi ma a watannin nan ake yinsa, ka ga abubuwa biyu sun haɗu a kan idon mai kallo.

Idan iska ta yi tas, lissafi ya nuna cewa mutumin da ke tsaye a tudun mita 2,400 idonsa zai iya kaiwa kimanin kilomita 175 kafin lanƙwasar duniya ta tare shi, muddin babu wani tsauni a tsakani. A zahiri tuddan da ke kewaye za su tare wasu ɓangarorin, amma wannan ya isa ya nuna maka girman abin da hazo yake ɓoyewa, tunda a rana mai tsananin ƙura ko kilomita biyu ba a gani.

Ruwan sama shi ke wanke iska. Saboda haka lokuta biyu ne suka fi ba da sarari: bayan ɗaukewar damina kafin hazo ya sauka, wato cikin Nuwamba, da kuma bayan ruwan farko ya zuba ya kwantar da ƙura. A nan ne nake ganin akwai mafita gare ka. Damina a tsaunukan Mambila da Gashaka tana riga tamu ta Kano sauka da nisa, domin tun wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu ake fara samun ruwa a can, lokacin da mu muke tsakiyar zafin bazara. Hutunka na Afrilu yana iya faɗawa daidai wannan gaɓa, ruwa ya zuba sau biyu ko uku ya share sama, sabuwar ciyawa ta tsiro a inda aka ƙone, rafuka kuwa ba su riga sun cika ba. Haɗarinsa shi ne gajimare, wanda yakan taso da rana ya lulluɓe ƙololuwa, don haka dole ka kasance a sama da sassafe. Agusta kuwa kada ma ka saka shi a rai, domin tsakiyar damina ce, kuma yankin yana cikin wuraren da suka fi samun ruwa a arewacin ƙasar nan.

Game da sanyin da aka ambata, ƙa'idar ita ce duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Serti ba ta kai mita 500 ba, don haka tsakaninta da ƙololuwa akwai bambancin digiri 12 ko fiye, ban da abin da iska take ƙarawa. Haka kuma a wannan tudun ruwa yana tafasa a wajen digiri 92, bai kai 100 ba, shi ya sa wake da shinkafa suke daɗewa ba su nuna ba. Ka tafi da abin da yake dahuwa da wuri.

Dattijon Serti ya rubuta:

Malam, barka da wannan niyya, kuma ina yi maka maraba tun kafin ka iso. A Serti aka haife ni, na yi shekaru ina fataucin shanu tsakanin Nguroje da Mayo Selbe kafin ƙafa ta gaza, yanzu jikana ne yake rubuta mini wannan ina faɗa masa. Bayanin Malama daidai ne, abin da ta faɗa da lissafi mu da ido muka san shi. Amma akwai abubuwan da nake so in ƙara, kuma a wani wurin zan ɗan saɓa wa masu magana kafina.

Na farko, Nuwamba da ake yabo yana da nasa wahalar. Sama tana yin tas, gaskiya ne, har kana iya ƙirga shanu a tudun da ke nesa. Sai dai ciyawa a lokacin ta kai ƙirji, wani wurin ta fi mutum tsayi, da safe raɓa takan jiƙa ka sharkaf kafin ka yi tafiyar rabin sa'a, rafuka kuma ba su gama janyewa ba, hanyar babur duk ta zaizaye. Afrilu ya fi sauƙin takawa, ƙasa ta yi kore shar, shanu sun fara murmurewa. Abin tsoro a Afrilu shi ne tsawa. Hadarin farkon damina a kan tsauni ba ya sallama, kuma a saman tudun babu bishiya babu gida, kai ne abu mafi tsayi a wurin. Na taɓa ganin shanu kwance a tudu ɗaya bayan aradu ta faɗa musu, mai su yana tsaye a kansu ya kasa magana. Idan jagoranka ya dubi gabas ya ce a sauka, ka sauka, ko da saura taku ɗari ka isa. Kada ka ja da shi, kada ka ce kuɗinka ka biya.

Na biyu, ina so ka gyara tunaninka game da wurin. Mutanen birni suna zuwa da zaton dajin babu kowa, alhali tsaunukan nan akwai mutane a kansu tun kafin a yi gandun. A 1991 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti suka zama ɗaya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a Nijeriya. Amma an bar wasu wurare a cikinsa inda aka yarda mutane su ci gaba da zama da noma da kiwo, irin su Chappal Hendu da Filinga da Sabere. Fulani sun hau tuddan nan ne saboda sanyi ya hana ƙudan tsando zama, shanunsu suna samun lafiya. Sunayen wuraren ma da Fulatanci suke. Chappal ɗin da kake gani a takarda tsauni ke nan, mayo kogi ne, hendu kuwa iska. Shi dutsen da kake nufi, mu nan Gangirwal muka fi kiransa, idan ka faɗi haka kowa zai gane ka.

Saboda haka idan hanya ta bi da ku ta ruga ko ƙauye, ku tsaya ku yi sallama, a kai ku wurin Jauro ko Arɗo ku gaisa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Ka riƙe goro da sukari da ganyen shayi da gishiri, ba su da nauyi, amma a can suna da daraja. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton matan mutane ko shanunsu ba ka tambaya ba. Wanda ya yi ladabi za a kawo masa kindirmo a ƙwarya, a nuna masa inda ruwa mai kyau yake, a gaya masa abin da ke gaba a hanya, kuma wannan labarin ya fi duk wata taswira amfani.

Na uku, maganar izini ba ta wasa ba ce. Ka fara zuwa ofishin gandun daji a Serti, kuma tun kana Kano ka neme su ka ji halin da hanya take ciki a makon da za ka taso, domin yanayin tsaro yana canzawa. Dajin nan ya sha fama da mafarauta da masu saran madobiya, wadda a nan ake kira madrid, da masu haƙar ma'adinai, kuma akwai jami'an da suka rasa rayukansu a bakin aikin kare shi. Tun 2017 wata ƙungiya mai suna Africa Nature Investors ta shigo tana aiki tare da hukumar gandun daji, an ƙara horar da jami'ai, an ɗauki yaranmu aiki. Waɗannan yaran su suka san kowane kwazazzabo, kuma dutsen a bakin iyaka yake, mutum shi kaɗai yana iya gangarawa ɓangaren Kamaru bai sani ba.

Inda zan saɓa wa ɗana na Gombe shi ne inda ya ce ransa ya ɓaci don bai ga nesa ba. Na fahimce shi, amma ina ganin ya yi sauri, ya zo ya wuce Gashaka bai gan ta ba. Kai Malam, tunda ka ce tafiya ɗaya ce, ka ware kwana biyu a ƙasa kafin ka hau. Ka je ƙauyen Gashaka, ka ga kufan sansanin da Jamusawa suka gina a kan tudu lokacin da yankin nan yake hannunsu, kafin Ingilishi su karɓe shi a yaƙin duniya na farko, mu kuma ba mu zama 'yan Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka kira mu lardin Sardauna. Ka je bakin Mayo Kam da yamma ka zauna shiru, wataƙila ka ga dorina. A kurmin Kwano akwai birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, wanda masana daga Ingila suka yi shekaru suna bibiya tun daga shekarar 2000, ko da yake ganinsa sai an dace, amma gwaggon biri da birin nan mai baƙi da farin gashi ba sa wuyar gani. Ruwan da za ka ga yana tsattsafowa daga kurmin tsauni shi ne yake haɗuwa ya zama kogin Taraba, ya gangara ya shiga Binuwai. Idan ka san wannan kafin ka hau, to abin da za ka hango daga sama zai zama wuraren da ka taka da ƙafarka, ka san sunayensu.

Idan kuma ka iso ka ga jiki ba zai ɗauki Gangirwal ba, Chappal Hendu yana nan, ya kai wajen mita 2,000, kuma kallon da ake yi daga kansa ba ƙarami ba ne.

'Yar Jinya ta rubuta:

Malam, ina yi maka fatan alheri. Baba na Serti ya gama magana a kan hanya da mutane, ni ɓangaren jiki zan taɓa, tunda ka ce likita ne ya fara tura ka motsa jiki. Idan hawan jini ne ko sukari ko wani abu da ya shafi zuciya, ka koma wurinsa ka gaya masa ainihin abin da za ka yi, wato tafiyar ƙafa ta kwanaki a jere a wurin da babu asibiti kusa, ka kuma ɗauki maganinka da rara, ka raba shi gida biyu a jaka daban-daban.

Ciwon da tudu yake jawowa saboda ƙarancin iskar shaƙa yawanci daga wajen mita 2,500 yake fara damun mutane, don haka wannan dutsen yana ƙasa da iyakar kaɗan. Za ka ji haki ya fi na kullum, wataƙila da ɗan ciwon kai, amma abin da ya fi kayar da mutane a irin wannan tafiya ƙafa ce da ciki. Kada ka sayi sabon takalmi ana jibi tafiya. Ka saye shi yanzu, mai tauri a ƙasa wanda ya rufe idon sawu, ka riƙa hawa Dala da shi har ya saba da ƙafarka, ka yanke farce sosai domin a gangare yatsu suna dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya fita. Duk inda ka ji fata ta fara zafi, ka tsaya nan take ka manna filasta kafin ta yi bororo. Ruwan ƙorama kuwa, komai haskensa, shanu suna sha a sama da kai, don haka ka tafasa shi ko ka saka maganin tsarkake ruwa, ka kuma riƙe gishirin nan na haɗin ruwa da ake ba mai gudawa. A ƙasa wajen Serti da Gashaka akwai sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo a bakin kogi, ka sa riga mai dogon hannu, ka kwana cikin gidan sauro.

Shirin da zan ba ka shawara a kai shi ne ka daina auna kanka da hawa ɗaya. Ka goya jaka mai nauyin kilo 6 zuwa 8, ka hau Dala ka sauko sau huɗu ko biyar a jere, ranar Asabar, sannan ka maimaita ranar Lahadi da gajiyar jiya a jikinka, domin abin da tsaunin zai nema a wurinka ke nan: ka tashi da tsamin jiki ka ci gaba. Ka fi mai da hankali ga saukowa, taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a hannu.

Malamin Gwale ya rubuta:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaishe mini da jikan da ya yi rubutu. Maganarka a kan in fara sanin ƙasa kafin in hange ta daga sama ta shige ni, domin na lura ko a Dala abin da yake sa in daɗe a tsaye shi ne ina iya nuna kasuwar Kurmi da gidan Sarki da unguwarmu, na san kowanne.

Na yanke shawarar in bar Disamba in nufi hutun Afrilu, in Allah ya kai mu. Na lissafa kwana biyu zuwa Serti, biyu a Gashaka, sauran in bar wa jami'an su tsara yadda suka ga ya dace, tare da kwana ɗaya na rara ko da gajimare zai hana mu a ranar farko. Wani abokin aikina da muka je Shere tare ya ce zai bi ni. Hajiya 'Yar Jinya, na karɓi shawararki, ranar Asabar zan fara da jaka a baya, kuma zan koma wurin likita kafin ƙarshen wata.

Tambaya ɗaya ta rage mini, Baba. Idan ruwan farko ya makara a shekarar, ta yaya zan sani tun ina Kano, kafin in kama hanya?

Dattijon Serti ya rubuta:

Amin Malam, jikan yana amsawa. Wannan mai sauƙi ne. Idan ka kira ofishin, kada ka tsaya a tambayar ko an yi ruwa a Serti, domin ruwan kwari daban, na tsauni daban. Ka ce su tambayar maka direbobin da suke saukowa daga Gembu da Nguroje kullum, sau nawa aka yi ruwa a sama, kuma ko daga Mai Samari ana hango kwarin Mayo Selbe da safe. Idan suka ce ana hangowa, ka ɗaura jakarka ka taso. Ka zo da leda babba mai kauri ka naɗe bargonka a ciki, domin ko ruwa ya taɓa komai, kada ya taɓa abin da za ka rufa da shi da dare.